Daminar da Muka Binne Irin Gandu

Bana ruwan farko ya zo da wuri, kuma a makon ne ƙanena Mansur ya dawo gida da jaka ɗaya da kwamfutarsa. Ya daɗe a wata ƙasar Larabawa yana aiki a ƙaramin kamfani da ke karɓar ƙwadago daga manyan masu ƙera wasannin bidiyo, waɗanda yara ke kira gem. Aikinsa zanen ciyawa ne da itatuwa da duwatsu, abubuwan da mai wasa zai ratsa a guje bai ko dube su ba. Ya ce wasan da suka yi shekaru suna yi wa aiki, su da ɗaruruwan mutane a ƙasashe dabam-dabam, an wayi gari an ce an fasa shi. Ba wanda zai taɓa ganinsa. Aka sallame su.

Muna zaune a gindin dogon yaro na ƙofar gida, ni da shi da babban wanmu Yaya Idi, ƙasa tana ta ƙamshin ruwan jiya.

"To ciyawar da ka zana fa?" in ji Yaya. "Ba a sayar wa masu awaki?"

Mansur ya yi dariya kaɗan. "Yaya, abin ne ya yi musu girma. Da, mutane kaɗan ke haɗuwa su gama wasa su kama wani. Yanzu sai a zuba dukiyar da za ta gina gari a kan wasa guda, a yi ta jira shekara da shekaru. In ya fito mutane ba su so ba, kamfani ya mutu. Tsoro ya kama su. Wasu sun koma maimaita tsohon da ya taɓa karɓuwa, wasu na jiran na'ura ta koyi zanen ciyawa su huta da biyan irinmu."

Yaya ya dubi ƙasa ya ce, "Wato binne suke yi."

Ba wanda ya yi dariya. Mu ukun mun san shekarar da yake nufi.

Binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, a bar shi yana jira. In ruwan farko ya zo da ƙarfi kuma na biyu ya biyo shi, ka riga kowa. In ya zo ya tsaya, irin ya tsiro ya mutu.

Shekarar ita ce wadda sojoji suka karɓi mulki suka ce za su shirya zaɓe su mayar wa farar hula. Kakar da ta gabace ta ba ta yi kyau ba, gero ya tsaya a gwiwa. Abin da na fi tunawa da sabon mulkin shi ne rediyo ta fara kiran yunwa da sunanta, bayan an daɗe ana kewaye kalmar. Mu dai ba mu buƙaci rediyo ba, rumbu ya riga ya gaya mana.

Tun rasuwar Baba, gandunmu yana hannun Yaya Idi. Gona ɗaya ce babba kudu da Gazawa, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Kowa na da 'yar gamanarsa, wato ƙaramar gonar kansa, har Inna da matanmu, amma dokar gidan ita ce ba a taɓa gamana sai an gama da gandu. Da safe kowa na gandu ne. Abin da ya rage na ƙarfinka da yamma, shi ne naka.

Ni Sanusi, na tsakiya, ban taɓa son hauya ba, Allah Ya yafe mini. Ina da rumfa a bakin tashar Gazawa, tele biyu, wato talabijin, ƙananan injinan gem biyu, da ɗan gurup, janareta ke nan, mai shan esans, wato fetur, kamar jaki a rijiya. Yara da samari su zo su buga ƙwallo ko dambe, su ajiye 'yan silallansu. Sede ɗin wasannin, wato faya-fayansu, kofi ne ba na asali ba, masu arha, in ɗaya ya karce a jefar a sa wani. Mansur ya gama lakol, makarantar boko, a lokacin, shi ke goge idon inji yana gyara manet ɗin da ake riƙewa a buga wasa, in ba kowa kuma ya yi ta zanen 'yan ƙwallo da gawayi a jikin bango. Rumfar ba ta sa ni arziki ba, amma ita ke sayen gishiri da sabulu da maganin yara.

Da sanyin shekarar muka tsallaka iyaka zuwa Katsina sayen sede wajen wani ɗan kasuwa, Ɗanladi. Ya ja mu cikin shago ya kunna mana wani babban inji baƙi mai sheƙi. Na ga ɗan ƙwallo yana gumi. Na ga rigarsa tana motsi da iska. Mansur ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, ba 'yan wasan yake kallo ba, ciyawar filin yake kallo.

"Mutanen Faransa, ku buɗe ido," in ji Ɗanladi. Haka yake tsokanarmu, mu na hayin iyaka da Faransa ta taɓa mulka. "Waɗancan ƙananan naku sun mutu, jana'iza ce ba a yi ba. Yanzu wasa ɗaya mutum ɗari-ɗari ke yin shi, kamar fim. Duniya can ta nufa. Wanda ya fara kai wannan garinku, shi ne sarkin tasha."

A waje Mansur ya ja hannuna. "Yaya Sanusi, seden wannan ba ya kofuwa. Guda ɗaya kuɗin buhu ne. Kuma mutum biyu kaɗai za su zauna, mu da muke zaunar da huɗu."

"Kai yaro ne," na ce. "Ba ka ji abin da mutumin ya ce ba?"

Kalmar sarkin tasha ce ta shige ni. Na ba da ƙananan injinan biyu da tele ɗaya, na ɗauko babban da sede biyu.

Makonnin farko rumfa ta cika har waje. Sai dai masu kallo sun fi masu biya, don kallon kansa ya ishi mutum. Sede na biyu kuwa da muka sa, sai ya rubuto da Turanci cewa sai an haɗa shi da intanet ya ɗauko wani ƙari kafin ya buɗe. Mansur ya karanta, ya sake karantawa. A Gazawa ta lokacin, ko kiran waya sai ka nemi tudu. Muka mayar da shi cikin kwalinsa.

Sai bazara ta shigo. Zafin shekarar nan, ko kwano ka bari a rana ba ka iya ɗauka. Samari suka watse, wasu Kano, wasu Legas, wasu Agadas. Waɗanda suka rage ba mai silallar wasa, wanda ya samu garin rogo yake saye. Injin kuma ba a yi shi don ƙasarmu ba. Kafin azahar sai ya yi ta huci kamar ɗan maraƙi, ya ɗauke. Mu ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma, Mansur ya zauna yana yi masa fifita. Wani dattijo mai sayar da goro ya leƙo ya ce, "Sanusi, wanga maras lafiya naku, an kai shi likita kuwa?"

A gida hura ta koma ruwa-ruwa, kana ganin gindin ludayi. Daga baya ta koma sau ɗaya a yini. Matan suka shiga daji ɗibar anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci, su jiƙa, su zubar da ruwan, su sake jiƙawa, har ɗacin ya ragu yadda za a iya haɗiyewa. Warin jiƙon nan ya zauna a tsakar gida, yana bin tufafi. Yara suka daina guje-guje, sai su kwanta a inuwar rumbu. A cikin rumbun kuwa, a sama, akwai damman iri da Yaya ya zaɓa kai-da-kai tun kaka, manyan zangarnu masu cika. Kowa ya san suna nan. Ba mai maganarsu.

Wata yamma gabas ta yi baƙi, iska mai sanyi ta taso, ta wuce ba ta zubar da komai ba. Washegari ma haka. Yaya ya tara mu ya ce gobe za a sussuka iri, a binne gandu duka.

Inna tana zaune a bakin ɗakinta tana tsinke zogale. Ba ta kiran sunan Yaya, ɗan fari ne, ko a gabansa sai dai ta yi magana da wani. Ta dube ni ta ce, "Sanusi, gaya wa babbanku ya raba irin biyu. Hadarin nan ban yarda da shi ba."

"Gaya wa Inna," in ji Yaya, yana kallon ƙafarsa, "Baba bai taɓa shuka rabin gandu ba. In aka ga rabi a shuke rabi a buɗe, cewa za a yi gidan ya mutu. Kuma in irin nan ya ƙara wata ɗaya a rumbu, yaran nan na kuka, ni da kaina zan sauko da shi a daka."

Wannan ta ƙarshen gaskiya ce, kowa ya sani. Na goyi bayan Yaya. Nawa dalilin bai kai nasa kyau ba, so nake a gama in koma rumfa.

Muka fita bayan asuba, gidan duka. Maza a gaba da sungumi muna sara, mata da yara a baya da ƙore, a jefa 'yan ƙwayoyi a rufe da diddige. Kafin hantsi rairayi ya fara cin tafin ƙafa. Ramin da ka sara sai ya rufta kafin mai jefawa ta iso, don ba danshin da zai riƙe shi. Bakinka ya bushe har harshe ya manne. Na ga matata Rabi ta jefa ƙwaya uku a rami, ta kai ɗaya baki, ta waiga ko an gan ta. Na kau da kai. Haka muka yi ta yi har muka kai iyakar gonar ta yamma, aka kife ƙoren, ba ko ƙwaya.

Ruwan ya zo. Ruwa ne mai kyau, ya jiƙa ƙasa kamu guda. Yara suka fita tsirara suna ihu. Bayan 'yan kwanaki gandu ya fito layi-layi, kore shar, tun daga bakin hanya har inda ido ya tsaya. Masu wucewa da amalanke suna cewa, "Idi, ka riga kowa bana!" Na ga haƙoran Yaya a karon farko tun sanyi.

Daga nan sama ta yi fari fat. Kullum da safe mu fita mu duba gabas. Aka yi roƙon ruwa a filin idi, aka juya riguna, tsofaffi na kuka. Iska mai zafi ta riƙa tasowa da rana tana kwasar rairayi tana yanka shukar. Ganyen ya naɗe ya zama kamar allura, ya yi ja, ya kwanta. Wata safiya Yaya ya durƙusa ya tona da yatsa, ya ciro saiwa busasshiya kamar zare. Ya sa ta a aljihu.

Yaya bai taɓa taka rumfata ba, yana ganin wurin ɓata yara ne. Ran nan sai ga shi a bakin ƙofa, da hularsa a hannu. Ba kowa sai ni da Mansur, muna ƙona ragowar esans. A cikin tele 'yan ƙwallo na gudu a kan koren fili, kuma wasan ya sa ruwan sama, yana zuba a kafaɗunsu. Yaya ya tsaya yana kallo.

"Can ana ruwa," ya ce.

Na kashe tele.

"Sanusi, abin nan naka. Zai sayi iri?"

"Zai saya har a yi saura," na ce. Har a ran nan bakina bai koyi komai ba.

Muka naɗe injin a zanen Rabi, Mansur ya rungume shi a bayan moto, wato babur, muka bi hanyar daji muka tsallaka. Ɗanladi ya karɓe mu da fara'a har ya ga abin da ke cikin zanen.

"Wai! Wannan ai an wuce shi. An fito da siriri, ba ya zafi. Wa zai sayi mai huci?"

"Kai ka ce duniya can ta nufa."

"Ta nufa mana, ta ma wuce. Ni na ce ta tsaya ta jira ka?" Ya juya injin yana duba ƙurar da ta toshe ramukansa. "Da ƙananan nan ne ka kawo, yanzu zan biya ka. A makon da ka ba ni su aka saye. Mutanen ƙauye su suke nema, ba sa mutuwa."

Mansur bai dube ni ba, kuma na gode masa har yau. Abin da Ɗanladi ya ba mu muka kai kasuwar hatsi, inda iri ya yi tsadar da ban taɓa gani ba. Abin da muka auno, mutum ɗaya ya ɗauke shi a ka ba tare da gammo ba.

A hanyar dawowa ruwa ya kama mu. Ruwa na gaske, mai ƙarar da ba ka jin mai magana a bayanka. Mansur ya cire rigarsa ya rufe irin. Muka iso gida jiƙe sharkaf, muka tarar da Yaya tsaye a zaure. Ya ɗaga ƙullin da hannu ɗaya, ya auna nauyinsa, ya ajiye.

Irin bai rufe ko kusurwar gabas ta gandu ba. Damina kuwa ta zauna daram, irin wadda ake shekaru ba a ga kamarta ba. Ruwa dare da rana, katangu na faɗuwa, kwaɗi sun hana barci. Geron maƙwabta da suka jira ya tashi ya fi mutum. Namu gandun ya cika da ƙarangiya da ciyawa har ƙirji, kore shar shi ma, in ka hango daga nesa sai ka ce gonar kirki ce.

Azumi ya same mu a haka. Ni da Yaya muka shiga ƙwadago a gonakin mutane, a biya mu da tiyar hatsi. Yaya Idi, mai gandu, yana noma a bayan yaron da aka haifa a gabansa. Ga danshi, ga zafi mai tururi, ga ciki ba komai tun sahur ɗin kunun dusa. In ka sunkuya ka ɗago sai duniya ta juya. Mu sha ruwa da dafaffen tafasa da ɗan ƙuli in an samu. Abin da ya fara shiga bakinmu na sabon amfani daga gamanar Inna ya fito da ta matanmu. Ashe kowace ta ɓoye ɗan irinta a tulu ko a ƙullin zane, wake, gero kaɗan, yakuwa, riɗi, sun shuka bayan ruwa ya zauna. Ganyen wake muka fara ci, sannan ɗanyen waken.

Tukunya ɗaya ce har lokacin, amma ta fara tsagewa ta inda ba a gani. Kowace mace in ta tsinko daga gamanarta sai ta rage wani abu don 'ya'yanta kafin ta kawo tsakar gida. Ba wadda zan zarga. Wata yamma muna dawowa daga gonar mutane, Yaya ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Da ka bar ƙananan injinan nan, da yanzu gandu a shuke yake."

"Da ka bar rabin iri kamar yadda Inna ta ce, da ba a kai ga injina ba."

Ya tsaya. Na ɗauka zai mare ni, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Sai ya gyara hauyarsa a kafaɗa ya wuce. Daga ran nan gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Shekaranjiya na tambayi Mansur abin da abokan aikinsa suka koma yi. Ya ce sun watse bibbiyu, uku-uku, kowa na ƙoƙarin ɗan ƙaramin wasa na waya, wanda in ya faɗi ba zai kashe kowa ba. Shi ma abin da yake so ya gwada ke nan daga nan gida, da faifan hasken rana a kan rufi. Manyan kamfanonin kuma ba za su ƙare ba, in ji shi, sai dai su ragu, wasanninsu su ƙara girma, masu yi su ƙara kaɗan. Na ce zai ciyar da shi? Ya ce bai sani ba. Abin da ya fi damunsa, wai, shi ne ɗakin nan da suke zama su da yawa, ana gardama ana shan shayi, kowa na gina gefe ɗaya na abu guda. Ya ce ba ya jin zai sake zama a irinsa.

Mu ma ba mu sake ba. Da kakar waccan shekarar ta binne ta zo, a makon da motoci masu lasifika ke yawo suna kiran mutane su fito ƙuri'ar sabon tsarin mulki, Yaya ya kira kawunmu da liman. Abin da kusurwar gabas ta bayar bai kai a ɗora a amalanke sau biyu ba. Aka zagaya gandu a ƙafa, ana ture ciyawa, aka raba shi uku, aka dasa gamba a kan iyakoki. Ba a yi faɗa ba. Liman ya yi addu'a, muka shafa. Mansur ya bar mana nasa kason mu riƙa nomawa, ya ce shi Yamai zai tafi neman karatun zane.

Da yamma Rabi ta ɗauko duwatsu uku ta kafa murhu a ɗaya gefen tsakar gida. Hayaƙi biyu ya tashi a gidan Baba. Sabon gero ne, tuwo na gaske, ƙamshinsa har waje. Bayan magariba matar Yaya ta kai wa Inna kwanonta, Rabi ma ta kai nata, aka ajiye su gefe da gefe a bakin tabarma.

Ina daga ƙofar ɗakina ina kallo, Yaya ma yana daga tasa. Inna ta buɗe na dama ta duba, ta rufe. Ta buɗe na hagu ta duba, ta rufe. Duk wanda ta fara sa wa hannu, gidan zai gani.

"Inna, ki ci mana, zai huce," in ji Rabi.

"Na ƙoshi, ɗiyata," ta ce. "Ku kai wa yara."

Ta ci anza tare da mu, ta ci dusa, ba ta taɓa mayar da kwano ba duk tsawon shekarar. Ran nan ta jawo mayafinta ta shiga ɗaki, aka ɗauke kwanonin biyu kamar yadda aka kawo su.